A Kai Ni Abu Ƙir

Litinin, 3 ga Oktoba, 4:20 na yamma

Littafin magungunan Baba ne wannan. Ni na ja masa layi: safe, rana, yamma. Yau Dakta Munzir ya soke huɗu cikin bakwai, ya bar masu rage zafi kawai, sai fili ya yi yawa a shafin. Shi ya sa nake rubutu.

Sai da ya tura Baba awon nauyi sannan ya juyo min da fuskar kwamfutarsa. Ya ce, "Fiddausi, ke harhaɗa magunguna kike karanta, ba sai na yi ta zagaye ba." Ya nuna min hantar. Ban buƙaci bayani ba. Ya ce wa zai faɗa masa, shi ko ni? Na ce ni.

A hanyar komawa Giza daga asibitin Ma'adi, Baba ya ce, "Auta, me likitan ya ce?" Na ce ya ce ana samun ci gaba. Ya ce Alhamdu lillahi. Tarig, direba Basudane da ke kai mu asibiti tun zuwan Baba, ya kalle ni ta madubi sau ɗaya ya mai da ido kan titi.

Ban faɗa masa ba.

Talata, 4 ga Oktoba, 9:00 na safe

Rabin kofin shayi. Biskit ɗaya.

Laraba, 5 ga Oktoba, 6:15 na yamma

Yaya Ukasha ya kira daga Funtuwa. Shi kaɗai na faɗa wa. Ya ce kada in kuskura Baba ya ji, kada Umma ta ji, a nemi wani likitan. Na ce likita uku sun gani. Ya ce a nemi na huɗu, ai Masar ce. Ya ce, "Ke kike can, ke kika san komai, to ki yi wani abu." Na ce to.

Rahina ta ji ni. Sati bakwai ke nan tana kwana a falo, ta bar wa Baba ɗakinta. Yarinyar da ban haɗa komai da ita ba sai haya da zaman Alƙahira. Ta dama masa kunun gero irin na Damagaram, ya sha cokali biyar don kada ta ji kunya. Ya ce mata, "Ku mutanen Nijar kun fi mu iya gero." Ta yi dariya ta shige kicin, na ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba.

Ban faɗa masa ba.

Juma'a, 7 ga Oktoba, 2:40 na rana

Bai iya zuwa masallaci ba. Ya saurari huɗuba ta taga, ba ya jin Larabcin amma ya ce muryar limamin ta yi masa.

Bayan an idar ya ce, "Auta, Abu Ƙir da nisa daga nan?"

Ban taɓa jin wurin ba. Na duba waya: bakin teku ne, gaba da Iskandariyya kaɗan. Na ce kamar awa uku. Ya ce a kai shi.

Na zaci zazzaɓi ne. A Funtuwa Lawali Nebi ake ce masa, saboda ya yi sojan ruwa lokacin yaƙin basasa, amma duk gidanmu an san Baba da ruwa ba sa ga maciji. Ba ya cin kifi. Bai taɓa kai mu dam ɗin Mairuwa ba ko da sallah. A nan ma in mun hau gadar Nilu sai ya sunkuyar da kai yana jan carbi har mu sauka. Yau shi ke cewa a kai shi teku.

Na ce me ke can? Ya ce wani Bature da ya koyar da su a Legas kullum sai ya zana musu wurin a allo, yadda jiragen Ingila suka ritsa na Faransa a bakin gaɓa suka nutsar da su. Ya ce, "Shekara hamsin da biyar ina jin sunan. Tun da Allah ya kawo ni kusa, in gani."

Na ce sai ya ƙara samun ƙarfi. Ya dube ni har na tashi na hau gyara labule.

Lahadi, 9 ga Oktoba, 8:30 na safe

Ya sake tambaya.

Litinin, 10 ga Oktoba, 5:00 na yamma

Na kira Dakta Munzir ina so ya hana. Ya ce, "In yana so, ki kai shi a satin nan. Kada ki bari sai na gaba." Ya ce kin faɗa masa? Na ce ina neman lokaci. Ya ce, "Ya duktura, lokacin ba naki ba ne."

Umma ta kira. Ta ce in tabbatar yana sa safa, ƙafarsa ba ta son sanyin tayil. Ta ce ta sa an yi wa ɗakinsa fenti. Na ce zai ji daɗi. Na ba shi wayar, suka yi gardama kan launin. Ita ta zaɓi ruwan toka, shi yana son fari. Ya ce, "Hauwa, kin mai da ni ofishin gwamnati." Na ji dariyarta daga inda nake zaune.

Alhamis za mu tafi. Tarig ya yarda.

Alhamis, 13 ga Oktoba, 7:50 na yamma

Mun dawo. Ba zan iya rubutu yau ba.

Juma'a, 14 ga Oktoba, 10:00 na safe

Yana barci. Bari in rubuta tun ban fara canja shi a kaina ba.

Mun bar gida bayan asuba. Ya sa farar kaftaninsa da ya yi masa yawa yanzu, da hular da Umma ta saka masa a jaka ta ce ta ranar dawowa ce. Sau biyu muka tsaya a hanya ya yi amai. Tarig ya ce mu juya, Baba ya ce, "Yalla," wato mu je, kalmar Larabci ɗaya da ya koya.

Na zaci zan ga wani wuri na musamman. Gari ne na masunta, ƙarni ko'ina, gidajen cin kifi a jere, manyan motoci na zuba duwatsu a wani gefen da ake aikin tashar jiragen ruwa. Sai da muka yi ta tambaya kafin muka sami inda yashi ya rage. Ba kowa, lokacin masu wanka ya wuce. Laimomin haya a naɗe, ledoji, ƙananan jirage a kife. Ruwan ba shuɗi ba ne, kalar ƙarfe ne.

Wani tsoho mai gyaran raga, Am Fadl, ya kawo mana kujerun roba biyu. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ajiye ragar. Ya nuna wani ɗan tsibiri can nesa, ya ce tsakaninsa da gaɓa aka yi. Sama da shekara ɗari biyu. Ya ce babban jirgin Faransa wuta ta kai ga albarushinsa ya tarwatse da mutanen ciki, kusan dubu. Ya ce an yi kwanaki teku na amayo gawawwaki a kan yashin nan, kuma har yau ragowar jiragen na ƙasa. Ina fassarawa, Baba na gyaɗa kai kamar mai duba ko tsohon ya yi kuskure.

Sai Baba ya ce in tambaye shi: waɗanda teku bai dawo da su ba fa? Am Fadl ya buɗe hannu ya ce, "Rabbina ya san inda suke, ya Alhaji."

Baba ya ce Tarig da tsohon su ba mu wuri. Ya ce in cire masa takalmi da safa. Ya dafa kafaɗata muka taka har inda ruwa ke lasar yashi. Da ruwan ya taɓa ƙafarsa sai ya ƙanƙame kafaɗata. Na ce mu koma. Ya ce a jawo kujerar nan.

Ya ce, "Me kika sani game da Kawunki Zainu?"

Na faɗi abin da kowa ya sani. Yayan Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi da Baba tare suka tashi, tare suka shiga soja. Harsashi ya same shi a ƙirji, ya cika a kan cinyar Baba da kalmar shahada a bakinsa. Baba ya yi masa wanka, suka yi masa sallah su bakwai, aka binne shi a gindin wata bishiyar kwakwa. Baba ya kawo labarin gida, ya riƙa kula da gidan, daga baya aka ba shi Umma. Duk shekara in azumi ya zo Umma sai ta ba mu labarin nan, har da bishiyar.

Ya ce, "Babu bishiya."

Ga yadda ya faɗa, iya abin da na riƙe:

"Sojan ƙasa muka je shiga. Wani hafsa ya raba layi da sandarsa ya ce daga nan zuwa nan, ruwa. Mu da ko rafi ba mu iya ba. Sati shida aka koya mana iyo. Na ɗan iya. Zainu bai iya ba, sai dai ya iya ɓoyewa. Ranar da abin ya faru muna kai sojoji gaɓa a ƙaramin jirgi, a bakin wani kogi can kudu, da hantsi. Aka buɗe mana wuta daga cikin itatuwa. Kowa ya ruga gefe ɗaya, jirgin ya kife. Na taso, na kama wata jarka. Sai na ji an riƙe min ƙafa. Na san shi ne, Auta. Na ga kansa. Ya taso sau ɗaya ya ce, Lawali. Yana ja, jarkar na nutsewa, ruwa na shiga min hanci. Na sa ɗaya ƙafar na take shi. A fuska. Sau uku. A na ukun ya saki."

 Ruwa na zuwa yana komawa a kan ƙafafun.

"Ba a ga gawarsa ba. Da na je gida uwarsu ta riƙe min hannu ta ce, ya yi shahada? Hauwa na bayanta, 'yar shekara goma sha biyu. Na buɗe baki, sai bishiyar kwakwa ta fito. Tun daga ranar nake mata ban ruwa."

Ban san me na ce ba. Ina jin na ce yaƙi ne, na ce ba da gangan ba ne, na ce ko malamai sun yi magana a kan wanda ya ceci ransa. Ya ce, "Na tambayi malamai, ba tare da suna ba. Wannan tsakanina da Allah ne. Ƙaryar ita ce tsakanina da uwarki."

Sai ya juyo. Idonsa ya yi rawaya, a hasken teku na fi ganin haka.

"To na faɗi nawa. Saura ke. Me likitan ya ce?"

Na faɗa masa. Duka. Ya ce wata nawa? Na ce ba a maganar watanni. Ya ce, "Tun ranar da aka rage maganin na sani. Ina so in ji ko za ki iya." Ya ɗora hannu a kaina. Na yi kuka har Am Fadl ya aiko Tarig da shayi.

Ya ce in nema masa jirgin sama. Yana so ya faɗa wa Umma ido da ido.

Asabar, 15 ga Oktoba, 3:30 na rana

An samu wuri ranar 25. Kamfanin jirgin na son takardar likita cewa zai iya tafiya. Dakta Munzir ya ce in kawo shi Laraba ya gani.

Na faɗa wa Yaya Ukasha Baba ya san ciwonsa. Ya ce na kashe masa ƙwarin gwiwa, in wani abu ya faru ni ce. Ɗayar maganar ban faɗa masa ba.

Lahadi, 16 ga Oktoba, 11:10 na safe

Ƙafafunsa sun kumbura. Kullum ni ke matsa masa su da man zaitun. Yau na zauna, na ɗora ta dama a cinyata, sai na kasa. Ina ta tunanin wacce ce. Dama ko hagu. Na ce man ya ƙare. Kwalbar na kan tebur a cike, yana kallonta.

Rahina ce ta matsa masa.

Lahadi, 5:45 na yamma

Ubana ne. Shi ya goya ni zuwa asibiti ranar da kunama ta harbe ni. Shi ya ce sai na zo Masar da duk dangi suka ce mace ba ta nisa. Shekararsa ashirin a lokacin. Na girme shi da shekara takwas yanzu. Da ni ce a ruwan?

Hoton Kawu Zainu na falon Umma, sama da talabijin. Baba a ƙarƙashinsa yake cin tuwo kullum.

Talata, 18 ga Oktoba, 9:20 na safe

Na roƙe shi ya bar maganar. Na ce Umma na da hawan jini. Na ce shekara hamsin da biyar tana samun sanyi da labarin nan, me zai ƙara mata in an ƙwace? Na ce ya yi istigfari, ya bar ta da abin da take da shi.

Ya ce, "Kina so in mutu tana yi min addu'a a kan abin da ban yi ba?"

Na ce, "Kai za ka sauke, ita za ta ɗauka. Ka tafi ka bar mu da ita."

Ban taɓa yi masa magana haka ba.  Ya ce, "Gaskiya ne. Na yi wannan tunanin. Amma ɗan'uwanta ne, Auta. Ba nawa ba ne da zan riƙe."

Na matsa masa ƙafafun. Duka biyun.

Laraba, 19 ga Oktoba, 4:00 na yamma

Babu takarda. Dakta Munzir ya ce ba zai sa hannu ba, jirgin awa shida ne, ga mota daga Kano. Ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, har sau uku. Baba ya fahimta kafin in fassara.

Lif ɗin gidanmu ya lalace. Tarig da bawwab, mai gadin gidan, suka hau da shi hawa huɗu a kan kujera. Yana ta ba su haƙuri da Hausa.

Alhamis, 20 ga Oktoba, 8:00 na safe

Ɗazu ya kira ni Hauwa. Ya tambaye ni ko an ɗaure akuya. Bayan minti goma ya dawo daidai, ya gane abin da ya faru, ya tsorata. Na san me wannan ke nufi, mun karanta. Shi ma ya gane. Ya ce gobe da safe, tun kansa na nan, in kira masa ita.

Juma'a, 21 ga Oktoba, 12:30 na rana

An yi.

Ya sa na yi masa alwala, na sa masa hula. Ya ce a bar wayar a buɗe, hannunsa ba ya riƙo, kuma yana so in zama shaida. Umma ta ɗauka da fara'a, ta ce fentin ya bushe. Ya ce, "Hauwa, zauna." Ya faɗa mata ba zai dawo ba. Ta yi salati, ta fara kuka, ta ce za ta sa Ukasha ya nema mata biza ko ta halin ƙaƙa. Ya ce, "Tsaya, da saura."

Bai rage komai ba. Har sau ukun.

 Ta cikin wayar ina jin zakara na cara a tsakar gidanmu na Funtuwa, ina jin mai tallan gas na buga tukunya a titin Giza, su biyun a lokaci ɗaya.

Ta ce, "Bishiyar fa?"

Ya ce babu.

"Mutum bakwai da suka yi masa sallah?"

"Babu, Hauwa."

"Inna ta mutu tana cewa ko ba komai an rufa masa asiri." Muryarta ba ta rawa. "Ashe ko sallah ba a yi masa ba."

Ya ce, "Ki yafe min."

Wayar ta mutu. Na ce ƙila layi ne. Ya ce ba layi ba ne.

Asabar, 22 ga Oktoba, 10:00 na safe

Na kira sau shida.

Asabar, 6:30 na yamma

Yaya Ukasha: "Me kuka faɗa wa Umma? Ta rufe ɗaki tun jiya, ko Anti Ummi ba ta buɗe wa ba. Ta sa an sauke hoton Kawu an kai mata ciki." Na ce ya tambaye ta. Ya ce tun da na zo ƙasar nan na koyi taurin kai. Ya ce in ba shi Baba. Baba na barci, bakinsa a buɗe.

Lahadi, 23 ga Oktoba, 1:15 na rana

Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai ya buɗe ido. Kamfanin layi ne. 'Yar ajinmu ce. Tarig ne. Na mai da ita shiru, sai ya riƙa tambaya ko ta lalace.

Cokali biyu na kunu.

Na ce masa da bai faɗa ba. Ban yi niyya ba, fita ta yi. Ya ce, "Ƙila." Shi ke nan.

Litinin, 24 ga Oktoba, 7:40 na safe

Ba ta kira ba.

Talata, 25 ga Oktoba, 5:20 na yamma

Yau ne da za mu tashi. Saƙon kamfanin jirgi ya shigo yana tuna min in je da wuri.

Muna asibiti a Ma'adi tun hantsi. Ya yi aman jini. Ɗakin na kallon wata bishiya mai jan fure, nas ɗin ta ce an ba mu mai kyau. A mota yana ta magana da wani, ba da mu ba. Ya ce, "Riƙe jarkar, riƙe, na sakar maka." Tarig ya tambaye ni me yake cewa. Na ce addu'a ce.

Laraba, 26 ga Oktoba, 2:00 na rana

Ya daina magana. Yana jin zafi in an juya shi. Na tura wa Umma saƙon murya: Umma, ya daina magana, likita ya ce yau ko gobe, amma yana ji. Alamar ta nuna ta saurara. Ba amsa.

Ina jin haushinta. Ina jin haushinsa. Ina jin haushin tsohon da ya kawo mana kujeru. Na yi sallar azahar ban san raka'a nawa na yi ba.

Rahina ta zo da abinci, ta zauna tana karanta masa Yasin a hankali. Ta tsallake darasinta na yau. Ban ce ta zo ba.

Alhamis, 27 ga Oktoba, 4:50 na yamma

Ta kira ƙarfe uku da 'yan mintuna. Ba gaisuwa. Muryarta ta dushe kamar ta wata tsohuwa da ban sani ba.

"Yana numfashi?"

"Yana yi, Umma."

"Sa masa a kunne. Ki fita."

Na jingina wayar da filo, na fita, na ja ƙofa. Na tsaya a baranda ina kallon mai goge ƙasa yana tafiya yana dawowa. Da na ga shiru ya yi yawa na leƙa. Kiran ya ƙare. Minti shida da daƙiƙa goma sha ɗaya. Idonsa a rufe, gefen filon ya jiƙe. Ban san ko hawaye ne ko ruwan da ke fita da kansa ba ne, nas ta ce yakan faru.

Ban san me ta ce masa ba. Na duba fuskarsa ko zan gane. Ban gane ba.

Juma'a, 28 ga Oktoba, 7:05 na safe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shida saura kwata. Ina riƙe da hannunsa.

Juma'a, 9:30 na safe

Yaya Ukasha ya yi kuka kamar yaro, ya ce in yafe masa. Mun yarda a nan za a yi jana'izar, Baba ya riga ya ce kada a wahalar da gawarsa. Shugaban ɗalibanmu ya karɓi takardu, ya ce in koma gida in huta, maza za su ji da komai.

Umma ta karɓi wayar daga hannun Yaya. Ta ce, "Fiddausi, ki bi su. Ko sun hana ki, ki bi su. Ki tsaya inda za ki gani."

Asabar, 29 ga Oktoba, 6:10 na yamma

An yi masa sallah bayan azahar. Ban zaci mutane haka ba. Ɗalibai daga unguwar Hayyul Ashir mota uku, yawancinsu ba su taɓa ganinsa ba, 'yan Nijar ɗin su Rahina, bawwab ɗinmu da jallabiyarsa ta Juma'a. Maƙabartar na kan hanyar Fayyum, cikin rairayi. Wani ustazu ya ce mata su tsaya a mota. Na ce uwata ce ta aiko ni. Tarig ya ce masa, "Khalas, shi ke nan, ka bar ta," ya buɗe min ƙofa.

Na tsaya a bayansu kaɗan, inda ƙasa ta ɗan yi tudu.

Ina shiga gida ta kira.

"An yi?"

"An yi, Umma."

"Wa ya yi masa wanka?"

Na faɗa mata sunayensu, su uku.

"Sahu nawa?"

"Biyar. Na ƙirga."

"Kin ga an sa shi? Ba faɗa miki aka yi ba?"

"Na gani."

"Da idonki?"

"Da idona, Umma. Sun kwantar da shi ta dama. Na ga an rufe."

 Na ji tana jan numfashi a hankali, kamar mai hawa tudu.

Na ce, "Umma, me kika ce masa ranar Alhamis?"

Ta ce, "Wannan nawa ne da shi." Can ta ce, "Akwai wata alama a wurin? Bishiya ko wani abu?"

Na ce babu bishiya ko ɗaya, rairayi ne da bango, sai lamba da aka rubuta da baƙin fenti.

Ta ce, "Karanto min lambar. Tsaya in ɗauko biro."